Filin Tambaya da Amsa: Miskilan mazan littattafan Ingila, so ne ko azaba?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato maganar mazan nan na tsofaffin littattafan Ingila, masu ɗaure fuska da ƙarancin magana, waɗanda da gani kasan akwai abinda ke cinsu a rai, mace ta faɗa sonsu ta rasa inda zata sa kanta. Na ɗauko guda shida, sauran kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ɗaliba ce, mun karanta Wuthering Heights saboda yana cikin littattafan da WAEC ta sa daga 2021 zuwa 2025. Malaminmu yace labarin soyayya ne da babu irinsa, ƙawayena kuwa duk sun haukace akan Heathcliff wai haka ake so namiji ya so mace. Ni wallahi tsoro yake bani. Ko nice ban gane littafin ba?
Wata ɗaliba, daga Zariya

AMSA: Ƙanwata kin gane shi sarai, tsoron nan da kika ji shine alamar kin karanta har ƙarshe baki tsaya a rabi ba. Amma bari mu fara da haƙƙinsa, dan yaron nan an zalunce shi kuma bana son a manta. Tsohon Earnshaw ne ya tsinto shi a titin Libaful, yaro baƙi-baƙi cikin tsumma, yunwa ta cinye shi, yana wani yare da babu mai ji, ya kawo shi gida ya sa masa sunan ɗansa da ya rasu, kuma sunan nan ɗaya tilo shine nasa, babu sunan uba babu na dangi. Tsohon na mutuwa ɗansa Hindley ya hana shi karatu, ya maida shi bara a gona, duka da zagi kullum. Abu ɗaya ya rage masa a duniya, Catherine ƙanwar Hindley, wadda suka tashi tare suna gudu a dajin nan na Yorkshire mai iska da sanyi. Sai gashi ranar nan yana zaune a lungun kicin ba'a ganshi ba, ya ji da kunnensa tana gaya wa Nelly mai aikin gidan cewa auren Heathcliff zubar da girma ne a wajenta yanzu, Edgar Linton mai dukiya zata aura. Bai tsaya yaji sauran maganar ba, inda take cewa ranta da nasa abu ɗaya ne, ya fice, shekara uku babu labarinsa. Har zuwa nan wanda bai ji tausayinsa ba to zuciyarsa da sauranta.

Toh amma dubi abinda ya dawo yayi. Ya dawo da kuɗi, littafin bai faɗa mana inda ya samo su ba, ya zauna gidan Hindley yana zuga shi caca da giya har gidan ya zama jingina a hannunsa. Ya lura ƙanwar Edgar, Isabella, ta kamu da sonsa, ya gudu da ita ya aure ta ba dan yana ƙaunarta ko ƙwayar zarra ba, dan kawai ya ƙuntata wa yayanta ya kuma samu hanyar gado. Daren da zasu gudu, a gaban idonta ya rataye ɗan karenta. Bayan auren ta rubuto wa Nelly wasiƙa tana tambaya wai shin mutum ne kuwa ta aura, in mutum ne mahaukaci ne, in ba mutum bane shaiɗan ne? Ranar da ta samu ta kuɓuta ma da jini ta fita, wuƙa ya jefe ta da ita ta same ta ƙasan kunne.

Abinda nake so ki nuna wa ƙawayenki shine marubuciyar littafin, Emily Brontë, bata ɓoye komai ba, kamar tasan za'a samu masu karatu irin Isabella. Catherine da kanta, wadda tafi kowa sonsa, ta zaunar da Isabella ta gargaɗe ta cewa kar ta ɗauka akwai wani taushi a ɓoye ƙarƙashin zafin nan, mutum ne marar tausayi mai halin kyarkeci, in kika dame shi zai murƙushe ki. Shi ma Heathcliff ɗin daga baya yana yi wa Isabella dariya a gaban Nelly, yana cewa ta ɗauke shi irin jaruman littattafan soyayya ne. Marubuciya ta sa wannan a bakin jaruminta a 1847, mu kuma yau muna maimaita kuskuren Isabella, abin na damuna gaskiya.

Kuma Catherine ta mutu ne tun kusan tsakiyar littafi, wajen haihuwa, ko shekara 20 bata kai ba. Rabin da ya rage fa? Duk akan yara ya huce, yaran da basu san hawa ba basu san sauka ba. Hareton ɗan Hindley ya tashi a gidan ubansa ko sunansa bai iya karantawa ba, dan Heathcliff ya rantse sai ya yi masa abinda ubansa ya yi masa. Ƙaramar Cathy, 'yar da Catherine ta haifa wa Edgar, ya kulle ta a gida, ya mammare ta, ya tilasta mata auren ɗansa Linton alhali mahaifinta na kan gadon mutuwa, shi kuma Linton ɗin, ɗan cikinsa, yana ciwo ya hana a kira masa likita har ya mutu. Wannan ai ba Catherine yake yi wa hidima ba, jininta yake azabtarwa.

Malaminku bai yi ƙarya ba da yace akwai so a ciki, akwai, mai ƙarfi ma, mutumin da ya buga kansa a jikin bishiya har jini yana roƙon fatalwarta ta addabe shi dan kar ta barshi shi kaɗai, wanda bayan shekara 18 ya sa mai haƙa kabari ya buɗe masa akwatin gawarta ya kalli fuskarta, ba wasa yake ba. Sai dai son nasa bai taɓa sa wani ya ji daɗi ba, har ita Catherine ɗin. A jarabawa in aka tambaye ki, kawo ɓangarorin biyu, ki ce wanda aka zalunta ne ya koma azzalumi, kuma ki tuna littafin ya rufe ne da Cathy tana koya wa Hareton karatu suna shirin aure, nan marubuciyar ta ajiye fatanta. Yawancin masu cewa labarin soyayya ne zalla fim suka gani, shi kuwa shahararren fim ɗin Amurka na 1939 wanda Laurence Olivier ya fito a Heathcliff, gaba ɗaya ya yanke labarin yaran, wato ya yanke inda muguntar tafi yawa.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ina lura irin wannan jarumin yana ta maimaituwa, a littafin Turawa, a fim ɗin Indiya, har a namu. Daga ina aka samo shi ne tun asali?
Wani malamin firamare, daga Maraɗi

AMSA: Malam barka kadai, ina gaida mutanen Maraɗi. Yana da kakanni da dama, masana sukan koma har kan Shaiɗan ɗin da John Milton ya zana a doguwar waƙarsa Paradise Lost ta 1667, mai girman kai wanda ya gwammace azaba da ya sunkuyar da kai, da kuma mugayen mazan labaran ban tsoro na ƙarshen ƙarni na 18. Amma wanda ya haɗa shi ya ba shi fuska har ake kiran irin jarumin da sunansa shine mawaƙin nan Lord Byron, kuma tarihinsa ya fi littattafansa ban mamaki.

An haife shi a Landan a 1788 da ƙafa ɗaya a murɗe, abin da ya dame shi har mutuwarsa. Ubansa ya cinye dukiyar uwarsa ya gudu Faransa ya mutu can yaron na ɗan shekara uku, suka zauna a Aberdeen cikin rashi, yana shekara 10 kwatsam ya gaji sarautar Lord daga wani kakansa na gefe. Daga 1809 zuwa 1811 ya yi yawo Fotugal, Sifen, Albaniya, Girka, har Istanbul, ya dawo ya fitar da Childe Harold's Pilgrimage a 1812, waƙa akan wani saurayi ɗan manya da ya gaji da holewa, duniya ta fita ransa, yake ta yawo ƙasa-ƙasa da wani baƙin ciki da baya faɗar dalilinsa. Ingila ta rikice akansa. Ya bi da The Giaour a 1813, sai The Corsair a 1814 labarin wani ɗan fashin teku mai suna Conrad wanda ya tsani kowa banda mace ɗaya, wannan a ranar da ya fito kaɗai an sayar da kwafi 10,000, a zamanin da littafi ke da tsada sosai. Sai Manfred a 1817. Duk mutum ɗaya ne yake canza riga: kyakkyawa, mai kaifin basira, mai raina mutane, yana ɗauke da wani tsohon zunubi da ba'a bayyana ba, baya neman gafarar kowa.

Me yasa ya karɓu haka? A ganina lokacin ne ya zo daidai. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya tada wa matasa buri sannan ya ƙare da jini, yaƙoƙin Napoleon sun cinye shekaru sama da goma, samari masu ilimi da yawa sun daina yarda da abinda manya ke faɗa amma basu samu abin riƙewa ba, sai ga mutum yana rera musu damuwarsu da kalmomi masu daɗi. Kuma mutane sun ɗauka shi da jarumansa duk ɗaya ne, shi ma bai musa ba sosai, har hoto aka zana masa da kayan Albaniyawa da rawani.

Amma Malam ka tambayi matan da suka zauna da shi. Lady Caroline Lamb, wadda suka yi soyayyar da ta zama abin magana a 1812, ita ce ta siffanta shi da mahaukaci, mugu, wanda saninsa ma hatsari ne. Annabella Milbanke mace ce mai addini mai ilimin lissafi, ta aure shi a Janairun 1815 da tunanin zata shiryar da shi, shekara ɗaya tal ta ɗauki jaririyarta 'yar wata ɗaya ta koma gidan iyayenta bata ƙara dawowa ba. Bashi ya yi masa katutu, ga jita-jita mai muni tsakaninsa da 'yar ubansa Augusta, a Afrilun 1816 ya bar Ingila har abada. Jaririyar nan ita ce Ada Lovelace da ake ambata yau a tarihin kwamfuta, ta girma bata san ubanta ba. Wata 'yar tasa Allegra ya raba ta da uwarta ya kai ta gidan sistocin coci a Italiya, ta mutu can tana shekara 5. Shi kuma ya mutu da zazzaɓi a Missolonghi ta Girka a 1824 yana shekara 36, ya je taimaka wa Girkawa a yaƙinsu da daular Usmaniyya, har gobe suna girmama shi, wannan ma gaskiya ne ba zan rage masa ba.

Daga nan irin ya bazu. Likitansa John Polidori ya rubuta The Vampyre a 1819, ya ɗauki siffar maigidansa ya yi mai shan jini ɗan sarauta mai yaudarar mata, daga nan masu shan jinin finafinai suka samo kwat da kyan fuska. A Rasha Pushkin da Lermontov suka yi nasu. 'Yan matan Brontë kuma, wato Emily da 'yan uwanta Charlotte da Anne, a ƙauyen Haworth, 'ya'yan limamin coci, sun tashi suna karanta Byron da tarihinsa tun suna yara. Indiya ma ba a banza ka ga kama ba, Sangdil na 1952 daga Jane Eyre aka ɗauko shi, Dil Diya Dard Liya na 1966 daga Wuthering Heights, kuma dukkansu Dilip Kumar ne jarumi. Mu da muka tashi da finafinan Indiya da littattafan Mills & Boon a makarantun kwana, ta nan ya shigo mana ba tare da mun san sunan kakansa ba.

TAMBAYA: Anti dan Allah ki warware min. Na gama Jane Eyre raina a ɓace. Rochester yana da mata mai taɓin hankali, toh me ya hana ya ƙara aure kawai ko ya sauwaƙe mata, maimakon ya kulle baiwar Allah a sama ya yi wa yarinya ƙarya? Kuma ita Jane ɗin me ya maida ta?
Wata matar aure, daga Kumasi

AMSA: 'Yar uwa ɓacin ranki na kan hanya. Amsar farko doka ce. A Ingila ta lokacin auren mace biyu babban laifi ne da ake kai mutum kotu akansa. Saki kuwa kafin dokar 1857 sai majalisar dokokin ƙasa ta zauna ta yi doka ta musamman akan aurenka kai kaɗai, da kuɗi masu yawa, kuma sai da hujjar zina. Shi Rochester da bakinsa yace tunda likitoci suka tabbatar matar ta haukace babu wata hanyar shari'a da zai rabu da ita, kuma hauka bai zama hujjar saki a can ba sai 1937. Dan haka da gaske a ɗaure yake. Ƙari akan haka auren ma haɗa shi akayi, ubansa ya bar wa babban wansa gado duka, shi kuma aka tura shi Jamaika yana saurayi ya auri Bertha Mason saboda fam 30,000 da zata zo da shi, ba'a gaya masa akwai ciwon a danginsu ba. Wannan shine ciwon da ke bayan ɗaure fuskarsa da baƙar maganarsa.

Sai dai ɗaurin doka bai tilasta masa ƙarya ba. Jane shekararta 18, marainiya, bata da kowa, albashinta fam 30 a shekara tana koyar da yarinyar da yake riƙo, shi ya girme ta da kusan shekara 20, shine mai gida shine mai biyan albashi. Ya kawo Blanche Ingram gidan yana nuna kamar ita zai aura dan kawai kishi ya kama Jane, har shigar tsohuwa mai duba ya yi dan ya tatsi sirrin zuciyarta. Sannan ya kai ta har gaban limamin coci yasan sarai auren ba zai halatta ba, da lauya da ɗan uwan Bertha basu shigo sun tsayar ba, da yarinyar nan ta wayi gari a matsayin dadiro tana zaton ita matar aure ce, a zamanin da mace in sunanta ya ɓaci shikenan. Da asiri ya tonu ma bai saduda ba, cewa ya yi ta bi shi kudancin Faransa su zauna haka nan.

Inda marubuciyar littafin, Charlotte Brontë, ta burge ni shine abinda ta sa Jane ta yi. Tana sonsa kamar ranta, tana tausayinsa, amma ta saurari yadda yake maganar matan da ya ajiye a baya, Bafaranshiya da Ba'italiya da Bajamushiya, da irin ƙyamar da yake ambatonsu da ita, ta gane in ta yarda watarana haka zai ambace ta. Kafin gari ya waye ta fice da 'yan kuɗin da basu kai ko'ina ba, ta kwana a daji, ta yi barar abinci. Bata zauna tace zan gyara shi ba. Kuma da ta dawo ba Jane ɗin da bace, ta gaji fam 20,000 daga ɗan uwan mahaifinta da ya rasu a Madeira, ta raba da 'yan uwanta uku da ta gano, tana da abin kanta tana da dangi. Shi kuma gobara ta cinye gidansa Thornfield, ya fitar da ma'aikata, ya koma sama dan ya ceto Bertha ta faɗo ta mutu, ya rasa hannu ɗaya da ganinsa, ya ƙasƙantar da kai ya koma ga Ubangijinsa yana cewa hukuncin da aka yi masa daidai ne. Wannan mutumin ta aura. Ko ya isa ko bai isa ba, ke da kika karanta kina da damar yanke naki hukuncin, ni dai ina ganin tubarsa ta gaske ce.

Wadda har yau ke tsaya min a rai ita ce Bertha. Shekara 10 a ɗaki marar taga a hawa na uku, da dukiyarta aka yi arziki, kuma ko kalma ɗaya bamu ji labarin daga bakinta ba, duk abinda muka sani mijin da ya kulle ta ne ya faɗa. Jean Rhys, marubuciya haifaffiyar tsibirin Dominika, abin ya dame ta har ta rubuta Wide Sargasso Sea a 1966 ta ba matar murya tun daga yarintarta. Ki neme shi, ba shi da tsawo.

TAMBAYA: Mr Darcy na Pride and Prejudice shi ma yana cikinsu ko?
Wani mai karatu, daga Jos

AMSA: A'a ɗan uwa, kama ce kawai ta fuska. Littafin ya fito a 1813 amma Jane Austen ta fara rubuta shi tun 1796, Byron na yaro. Darcy yana da girman kai da rashin sakin fuska a cikin baƙi, amma babu wani zunubi da yake ɓoyewa, babu wanda ya zalunta a ɗaki. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce ka ji me na ƙasa da su ke faɗa. Tsohuwar mai kula da gidansa na Pemberley, wadda ta san shi tun yana shekara 4, tace bata taɓa jin baƙar magana daga bakinsa ba, masu haya a gonakinsa da talakawa duk suna yabonsa, ƙanwarsa na ji da shi. Kuma da Elizabeth, jarumar littafin, ta ƙi shi ta wanke shi tas, bai ɗau fansa akan kowa ba, ya je ya gyara halinsa, ya kashe kuɗinsa a ɓoye ya rufa wa ƙanwarta Lydia asiri, ya roƙi kar a faɗa. Ka je ka tambayi ma'aikatan gidan Heathcliff ka ji bambanci.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni marubuciya ce, ina sakin littafina a Wattpad da guruf na WhatsApp. In na yi jarumi mai fara'a da kirki sai masu karatu su ce labarin ba armashi, miskili suke so, mai kuɗi, wanda baya dariya, yana wulaƙanta yarinya daga baya ya dawo yana kuka. Laifi ne in basu abinda suke so?
Wata marubuciya, daga Kano

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Ba laifi bane ki rubuta miskili, kuma ban yarda da masu zagin masu karatunki ba. Akwai dalilin da yasa irin mutumin nan ke jan zuciya shekara 200. Mace na karantawa tana jin cewa ga mutum ya rufe ƙofarsa ga duniya duka amma ita kaɗai ya buɗe wa, ita ta ga hawayen da babu wanda ya gani. Wa baya son a zaɓe shi haka? Ga kuma tausayi, wanda Allah ya sa mana da yawa. Sannan ta ɓangaren sana'a, mutum mai sirri shi ke sa a juya shafi, wannan kowane marubuci ya sani.

Inda nake roƙonki ki tsaya ki yi tunani shine lissafin wahalar. A labarai da yawa da nake gani, jarumi zai yi babi arba'in yana mari da gori da kulle, sai a babi ɗaya ya yi ciwo ko ya zubda hawaye, shikenan an yafe, a koma shagali, kamar wadda aka yi wa abin bata da jiki bata da zuciya. Yarinya 'yar shekara 16 da ke karantawa a waya cikin bargo abinda take ɗauka shine wulaƙanci matakin farko ne na so, in ta daure zai juyo. Alhali 'yan Brontë da suka san irin mazan nan a kusa basu taɓa rubuta haka ba. Ɗan uwansu Branwell, namiji ɗaya a gidan, mai basira wanda aka ɗora wa buri, giya da ofiyam suka lalata shi a gaban idonsu bayan wata soyayya da ta watse, ya mutu a 1848 yana shekara 31. Sun san yadda zama da mutum mai cin kansa yake, sun san waye ke share aman, waye baya barci.

Shi yasa nake so ki karanta ta ukunsu wadda ba'a cika ambata ba, Anne, da littafinta The Tenant of Wildfell Hall na 1848. Shi mijin ciki, Arthur Huntingdon, ba miskili bane, mai barkwanci ne da iya zance, amma cutar da ta kama matarsa Helen ita ce dai wadda ke kama masu son miskilai. Matar da ta riƙe ta ta gargaɗe ta, tace a'a ita zata shiryar da shi da sonta. Aka yi aure. Anne ta bi auren nan shekara bayan shekara babu kwaskwarima, shaye-shaye, neman mata har cikin gidanta, abokan banza, har ya fara koya wa ɗansu ƙarami shan giya da ashar. Da ya gane tana tara kuɗin gudu ta hanyar zane, ya ƙona kayan zanenta ya ƙwace kuɗin, kuma doka na bayansa, dan a Ingila kafin dokokin 1870 da 1882 abinda matar aure ta samu na mijinta ne. Duk da haka ta ɗauki ɗanta ta gudu ta ɓuya da sunan bazawara tana sayar da zane tana ci. Mutane suka yi ca akan littafin wai ya yi tsauri, Anne ta amsa a gabatarwar bugu na biyu cewa gaskiya take son faɗa, kuma in ta hana yarinya ɗaya faɗawa kuskuren Helen to bata yi aikin banza ba. Ta rasu a 1849 tana shekara 29.

Dan haka ki rubuta miskilinki, ki ba shi ciwo na gaske mai dalili ba wai kawai an haife shi da ɗaure fuska ba, ki bari mu tausaya masa. Amma ki bar yarinyar ta zama mutum, ta yi fushi, ta tafi in tafiya ta kama, ta samu dangi da abin yi, kuma in zai canza mu ga canjin a aikinsa da yadda yake mu'amala da direbansa da 'yar aikinsa, ya ɗau lokaci, ya rasa wani abu. Masu karatunki zasu yi ƙorafi sati biyu, amma ina tabbatar miki ba zasu ajiye ba, Jane Eyre tun 1847 ake bugawa ba'a daina ba kuma a cikinsa yarinyar tafiya ta yi.

TAMBAYA: Wai da gaske Heathcliff baƙar fata ne? Na ga ana musu.
Wani ɗalibin jami'a, daga Sakkwato

AMSA: Emily Brontë bata yanke ba, da gangan ta barshi a buɗe, amma ta nanata cewa ba fari bane irin mutanen ƙauyen. Ana kiransa jifsi mai duhun fata, wato ɗan ƙabilar nan masu yawo gari-gari, tsohon Linton mahaifin Edgar ya yi hasashen ko ɗan ma'aikatan jirgin ruwa ne 'yan Indiya ko wani yaro da aka yar daga Amurka ko Sifen, Nelly kuma tana lallashinsa tace wa ya sani ko ubansa sarkin Sin ne uwarsa sarauniyar Indiya. Sannan ka duba inda aka tsince shi da lokacin. Labarin ya sa zuwansa wajen 1771, lokacin da Libaful ke kan gaba a tashoshin jiragen cinikin bayi na Ingila, jiragenta na zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kuma ba'a haramta cinikin a Birtaniya ba sai 1807. Shi yasa masana da dama ke ganin yana iya zama ɗan Afirka ko ruwa biyu, wasu kuma na cewa ɗan Ailan ne, tunda mahaifin su Emily daga can yake kuma littafin ya fito ana tsakiyar yunwar da ta koro dubban mutanen Ailan zuwa Libaful ɗin. A fim ɗin 2011 na Andrea Arnold baƙin ɗan wasa James Howson ne ya fito a matsayinsa. In zaka yi rubutu akai a makaranta, ka tattaro duk wuraren da aka ambaci launinsa a babi na 1 da na 4 da na 6 da na 7, ka lura da waye ke magana a kowanne da abinda yake nufi da ita, dan yawancinsu zagi ne daga bakin masu ƙinsa.